Marigayi Abdullahi Mamani, ɗan Damagaram da ya fito da Sarauniya Mangu idon duniya

A yau filin namu zai tsallaka iyaka ne zuwa Damagaram, garin da da yawa daga cikin masu karatunmu suka san shi ta hanyar fatauci, ko dai sun taɓa shiga Kasuwar Dole sarin kaya, ko kuma suna da abokin ciniki a unguwar Zango wanda suke aika wa atamfa shi kuma yana aiko musu da fata da wake. Sai dai ba zancen kasuwa ne ya kai mu ba. Mutumin da za mu kawo tarihinsa marubuci ne kuma ɗan siyasa, wanda ya sha gudun hijira ya kuma sha ɗauri, wato marigayi Abdullahi Mamani, wanda a takardun Faransanci ake rubuta sunansa Abdoulaye Mamani.

Mai yiwuwa wasu ba su taɓa jin wannan suna ba. Amma idan aka ce Sarauniya Mangu, matar nan ta garin Lugu da ta ƙi miƙa wuya ga sojojin Faransa, da wuya a samu ɗan Nijar da zai ce bai san ta ba. An sa wa gidan rediyo da talabijin sunanta a Yamai, an sa labarinta a darussan makaranta, bayan juyin mulkin 2023 kuma gwamnatin soja ta ƙirƙiro lambar girmamawa da sunanta. To, kafin shekarar 1980 ba haka abin yake ba. Idan ka fita daga ƙasar Arewa ta Dogondutsi, ƙalilan ne suka san da ita. Wannan bawan Allah ne ya ɗauko labarinta ya yi littafi da shi, littafin ya zama fim, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar fina-finan Afirka.

An haifi Abdullahi Mamani a shekarar 1932 a gabashin Nijar, lokacin da ƙasar ke hannun Faransa, kuma a birnin Zinder ya yi suna, nan ne gidansa har ƙarshen rayuwarsa. Zinder ɗin da ya tashi ya tarar gari ne mai jin an yi masa ƙwace. Nan ne hedikwatar mulkin mallaka ta kasance tun daga 1911, sai a 1926 Faransawa suka kwashe ta suka mayar Yamai, can yamma mai nisa, suka bar Damagarawa da ganuwa da fada da tarihi. Abin da ya riƙe garin shi ne ciniki, musamman na gyaɗa da fatu, da kuma zirga-zirga tsakaninsa da Kano. Mamani ya yi karatun boko, ya shiga ƙungiyar ƙwadago tun yana saurayi, daga nan kuma siyasa ta ja shi.

Jam'iyyar da ya shiga ita ce wadda duniya ta sani da Sawaba, ta Jibo Bakari. Ya kamata 'yan kasuwa su san wannan jam'iyya, domin tasu ce. Ƙarfinta ba a ofis yake ba, yana tasha ne da kasuwa: direbobin manyan motoci da yaransu, 'yan koli, teloli, mahauta, 'yan dako, da mata masu zaman kansu a birane waɗanda suka riƙa yi mata waƙa da gangami. Alamarta raƙumi, ta abokiyar hamayyarta RDA kuma giwa. Akidarta ta yi kusa da ta NEPU ta Malam Aminu Kano, har akwai zumunci da taimakon juna tsakanin jam'iyyun biyu, kuma ko a nan Najeriya kalmar sawaba ba baƙuwa ba ce, tunda ita ce ta zama sunan Hajiya Gambo ta Zariya. Damagaram na daga cikin wuraren da Sawaba ta fi ƙarfi, kuma Mamani yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai aka zaɓe shi ɗan majalisa mai wakiltar Zinder. A 1957 Jibo Bakari ya zama jagoran gwamnatin farko ta 'yan ƙasa a Nijar.

Daɗin bai daɗe ba. A ranar 28 ga Satumba 1958 Janar De Gaulle ya sa aka yi ƙuri'ar raba gardama a ƙasashen da Faransa ke mulka: ko a ci gaba da zama ƙarƙashin inuwar Faransa, ko a ɓalle nan take. Sekou Toure na Gini ya nemi mutanensa su ƙi, suka ƙi, ya tafi da 'yancinsa. Jibo Bakari ma ya nemi a ƙi. Amma Faransa ba ta shirya rabuwa da Nijar ba, ga shi tana tsakiyar yaƙi a Aljeriya wadda ke maƙwabtaka da ita ta arewa. Sai ta turo sabon gwamna mai suna Kolombani, ya jawo sarakuna da yawa gefensa, aka matsa wa 'yan Sawaba lamba ta ko'ina. Da aka faɗi sakamako masu goyon bayan Faransa ne suka rinjaya. Gwamnatin Jibo ta faɗi, Hamani Jori na RDA ya hau, a 1959 aka haramta Sawaba, kuma ranar 3 ga Agusta 1960 da Nijar ta samu 'yancin kai, mutanen da suka fara neman wannan 'yanci suna kurkuku ko suna gudun hijira. Abdullahi Mamani na cikin waɗanda suka bar ƙasa.

Ya zauna a ƙasashen da ke karɓar 'yan gwagwarmaya a wancan zamani, amma Aljeriya ce ta fi riƙe shi, inda ya zama wakilin Sawaba. Daga waje jam'iyyar ta yanke shawarar ɗaukar makami. Ta tura samari horon soja a Ghana da Aljeriya da Sin da Biyetnam ta Arewa, a watan Oktoba 1964 kuma suka kutso Nijar ƙungiya-ƙungiya ta kan iyakokin kudu da yamma, da zaton talakawa za su tashi su mara musu baya. Ba a tashi ba. Cikin 'yan makonni aka murƙushe su, aka harbe wasu a bainar jama'a, aka cika gidajen yari da magoya bayansu. A watan Afrilu 1965 wani ɗan Sawaba ya jefa wa Shugaba Jori gurneti a filin idi ranar Babbar Sallah, Jori ya tsira, kamen kuma ya ƙara tsanani. Wannan shi ne yaƙin da Mamani ya gani a rayuwarsa, kuma ɓangarensa ne ya sha kashi. Muna roƙon mai karatu ya riƙe wannan a zuciya, domin zai yi mana amfani idan muka zo kan littafin.

A zaman hijirar ne alƙalaminsa ya nuna. A 1972 aka buga masa littafin waƙoƙi da Faransanci mai suna Poémérides a birnin Paris, ya kuma rubuta wasan kwaikwayo mai suna Le Balai, wato tsintsiya. Da sojoji suka kifar da Jori ranar 15 ga Afrilu 1974, Laftana Kanar Saini Kunce ya buɗe wa 'yan gudun hijira ƙofa, Mamani ya dawo gida bayan shekara goma sha huɗu ko kusa da haka. Bai daɗe da sauke kaya ba gwamnatin da ta yi masa maraba ta kama shi ta ɗaure, kamar yadda ta ɗaure Jibo Bakari kansa a 1975. Mutumin da ya tsere wa kurkukun farar hula sai ga shi a na soja.

A shekarar 1980 kamfanin buga littattafai na L'Harmattan da ke Paris ya fitar da littafinsa mai suna Sarraounia, wato yadda Faransawa ke rubuta kalmarmu ta sarauniya. Kafin mu shiga cikinsa dole mu koma baya, domin asalin labarin daga Damagaram ya taso.

A ƙarshen ƙarni na 19 Damagaram daula ce mai ƙarfi. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara bindigogi har da igwa da ake ƙerawa a garin, ya kuma mai da Zinder zangon ayarin da ke tasowa daga Tarabulus zuwa Kano. Ɗansa Amadu Kuran Daga ya hau a 1893, jarumi ne da ya kai yaƙi har ƙasar Kano a zamanin Sarki Alu. A 1898 wani hafsan Faransa mai suna Kyaftin Cazemajou ya iso Zinder a kan hanyarsa ta zuwa wajen Rabe, wanda a lokacin ya ci Borno yana kuma barazana ga Damagaram. Fada ta ga cewa idan Bature da Rabe suka haɗa kai to Damagaram ce a tsakiya, don haka ranar 5 ga Mayu 1898 aka kashe Cazemajou da tafintansa. Faransa ta ƙulla wannan a ranta. Rundunar da ta shirya don ta ratsa daga kogin Kwara zuwa tafkin Chadi an ɗora mata har da ɗaukar fansa a kan Zinder, aka kuma damƙa ta a hannun wasu kyaftin biyu, Voulet da Chanoine, waɗanda tun a ƙasar Mosi aka san su da rashin imani.

Turawan da ke cikin rundunar ba su kai goma ba. Sauran duk baƙaƙen fata ne, sojoji da 'yan dako ɗaruruwa da aka kamo da ƙarfi, ga mata da ake kwasowa a garuruwa ana raba wa sojoji. Taro mai yawa haka a ƙasa mai ƙarancin ruwa, ba guzuri, sai abin da aka ƙwata. Duk garin da ya ƙi ba da hatsi da dabbobi a ƙone shi, wanda ya bayar ma ba lallai ya tsira ba. A watan Janairu 1899 a Sansane Hausa da ke bakin Kwara suka kashe mutum 101, cikinsu har da mata da yara. Haka suka riƙa yowa gabas, labarinsu na riga su isa.

Ranar 16 ga Afrilu 1899 suka iso Lugu, wani gari na Azna kusa da Matankari a ƙasar Arewa. Mutanen wurin Hausawa ne masu bin addinin gargajiya, kuma shugabarsu mace ce da ake kira Sarauniya, sarautar da ake gada daga mace zuwa mace, wadda a lokacin take hannun Mangu. Mutanen Lugu ba su gudu tun da wuri ba, ba su kuma kai gaisuwa ba. Sun tsaya da baka da kibiya mai dafi, da wuta ta yi wuta suka janye cikin sarƙaƙiyar ƙaya inda doki ba ya shiga, suka ci gaba da harbi daga can. A lissafin Faransawa da kansu, sun ƙona harsashi wajen 7,000 a wannan rana, an kashe musu mutum 4, an raunata 6, kuma ba su taɓa gamuwa da turjiya irin wannan ba tun da suka taso. Sun ƙone garin, sun kashe mutane da yawa, amma Sarauniya ba ta shiga hannunsu ba.

Daga nan suka faɗa wa Birnin Ƙonni a farkon watan Mayu, inda suka yi kisan da har yau ba a manta da shi ba. Labarin ɓarnar ya kai Paris ta wasiƙar wani hafsa da ya bar rundunar, gwamnati ta turo Kanar Klobb ya bi sawunsu ya karɓe ragama. Klobb bai sha wahalar gane hanya ba, ƙonannun garuruwa da gawarwaki ne suka yi masa jagora. Ranar 14 ga Yuli 1899 ya cim musu a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi, sannan ya shaida wa mutanensa cewa shi ya bar zama Bafaranshe, zai kafa daular kansa a ƙasar baƙar fata. Kwana biyu bayan haka sojojinsu suka yi tawaye suka kashe Chanoine, washegari suka kashe Voulet. Kaburburansu na Maijirgi. Amma mutuwarsu ba ta ceci Damagaram ba. Sauran hafsoshin suka ja rundunar, a ƙarshen watan Yuli aka gwabza a Tirmini, dawakin Damagaram suka kasa da ruwan harsashi, Faransawa suka shiga Zinder. A watan Satumba suka cim ma Amadu Kuran Daga suka kashe shi.

To, a nan ne tambaya take. Ga marubuci ɗan Zinder, ga sarkin garinsu da ya fita fagen fama ya kuma rasa ransa a hannun Faransawa, me ya sa ya tsallake shi ya tafi ɗaruruwan kilomita yamma ya ɗauko wata mata ta ƙauye, wadda ko Musulma ba ce ba? A namu ganin amsar tana cikin rayuwarsa. Ɗan Sawaba ne, ya ga yadda masu rawani da yawa suka juya wa jam'iyyarsa baya a 1958, don haka ba a fada zai nemi gwarzonsa ba. Yana neman wanda ba shi da ganuwa, ba shi da igwa, ba shi da komai sai ƙin yarda. Sannan Kuran Daga an ci shi da yaƙi an kashe shi, ita kuwa an ƙone mata gari amma ba a kama ta ba, ba ta kuma durƙusa ba. Mutumin da aka rusa wa jam'iyya, aka harbe abokansa, ya yi shekaru a ƙasar wasu ya dawo aka ɗaure shi, ba abin mamaki ba ne idan irin wannan labari ne ya kama masa zuciya.

Ya yi amfani da takardun Faransawa da kuma abin da ya ji a bakin mutane, amma kada a ɗauka littafin tarihi ya rubuta. Ƙagaggen labari ne da aka gina a kan abin da ya faru, kuma shi kansa bai ɓoye hakan ba. A cikinsa uwar Sarauniya ta rasu wajen haihuwarta, wani aminin mahaifinta mai suna Dawa ya raine ta da nonon goɗiya, ya koya mata harbi da sanin itatuwan magani da na dafi. Ta girma ba ta yarda namiji ya mallake ta ba, ba ta kuma nemi haihuwa ba. Akwai soyayya a ciki, amma ba irin wadda muka saba gani a fina-finanmu ba, inda ƙarshenta ɗaurin aure ne da kai amarya. Masoyinta Baka babban mayaƙi ne mai ji da kansa, ya kasa jure zama ƙarƙashin mace, suka ɓata ya bar garin. Da ya ji Turawa sun doso Lugu sai ya ajiye fushinsa ya dawo ya tsaya a gefenta, ba a matsayin maigida ba, a matsayin ɗaya daga cikin mayaƙanta. Iyayenmu mata da ke riƙe da gida da jarinsu, waɗanda suka san yadda wani namijin ke ji idan aljihun matarsa ya fi nasa nauyi, ba sai an yi musu dogon bayanin Baka ba.

Masana da suka je Lugu daga baya, irin su Antoinette Tidjani Alou ta Jami'ar Abdu Mumuni da ke Yamai da Elara Bertho ta Faransa, sun nuna cewa Sarauniyar da mutanen garin suka sani ta bambanta da ta littafi. A wurinsu uwar tsafi ce mai zaman ɗaki, ba mai hawan doki da takobi ba, kuma abin da suka riƙe shi ne asirinta ne ya kare ta, shi ne kuma ya haukata Turawan har suka hallaka junansu bayan wata uku. Jarumar da ke ja-gaban maza a fagen daga, mai masoyi, mai jawabi, wannan Mamani ne ya ƙera ta. Mu ba mu ga laifinsa ba, aikin mai ƙaga labari ke nan, amma ya kamata wanda zai ba 'ya'yansa labarin ya san inda tarihi ya tsaya da inda alƙalami ya ɗora.

Littafin ya faɗa hannun Med Hondo, wani mai shirya fim ɗan ƙasar Muritaniya mazaunin Faransa, wanda ya riga ya yi suna da fim ɗinsa Soleil Ô. Abin dariya, yawancin Faransawa ba da fina-finansa suka san shi ba, da muryarsa suka san shi, domin shi ne ke yin maganar Eddie Murphy idan an juya fina-finan Amurka zuwa Faransanci, kuma irin wannan aiki ne ke riƙe shi yana shirya nasa. Shi da Mamani suka tsara labarin fim ɗin. Sun shafe shekaru suna neman kuɗi, domin fim ne na yaƙi mai cin jari: dawaki, bindigogi, kakin soja, garuruwan da za a gina don a ƙone su, da ɗaruruwan mutane da za a ciyar kullum. An shirya a ɗauke shi a Nijar, inda abin ya faru, amma ana dab da farawa gwamnatin Nijar ta janye hannunta. Kunce ne ke mulki a lokacin, wato wanda ya taɓa ɗaure marubucin. Sai Burkina Faso ta Kyaftin Thomas Sankara ta ce su zo, ta ba su wuri da mutane da goyon baya.

Wannan sauyin wuri ya bar tabo. Wata 'yar Burkina mai suna Aï Keïta ce ta fito a matsayin Sarauniya, ta kuma yi ƙoƙari ƙwarai, amma da yake a can aka yi aikin, harsunan da suka mamaye fim ɗin su ne Julanci da Fulatanci da Faransanci. Wato fim mafi girma da aka taɓa yi a kan wata Bahaushiya, ba a ƙasar Hausa aka ɗauke shi ba, kuma Sarauniyar da ke cikinsa ba da harshen Lugu take magana ba. Muna ganin wannan na cikin dalilan da suka sa 'yar kasuwar da ta san jaruman fina-finan Kano ɗaya bayan ɗaya, har da na Indiya, ba ta taɓa ganin wannan ba.

Fim ɗin ya fito a 1986, tsawonsa kimanin awa biyu. Rabinsa na farko na Sarauniya ne, tasowarta da soyayyarta da shirin yaƙi. Daga nan sai ya koma kan rundunar Turawa, yana nuna yadda take ruɓewa daga ciki, yadda tsoron matar da suka kasa kamawa ya shiga zukatan sojoji baƙaƙe, har zuwa ranar da suka juya bindiga kan shugabanninsu. Bai ɓoye cewa hannun da ya ƙone garuruwan hannun 'yan Afirka ne ba, bai kuma ɓoye matan da aka kwaso ana rabawa kamar ganima ba. A ƙarshe an nuna Sarauniya tana karɓar duk wanda yaƙi ya tarwatsa, Musulmi da Azna, bawa da ɗa, tsohon sojan Bature da wanda ya yaƙe shi, kowa da addininsa, su kafa sabon zama.

Akwai inda ba mu tare da su. Littafin da fim ɗin sun nuna sarakunan Musulmi, har da fadar Sakkwato, a matsayin waɗanda ƙin Azna ya rufe musu ido har suka kasa ganin haɗarin da ke tafe, in ban da wani yarima da ya saɓa wa mahaifinsa ya koma wajenta. Gaskiya ne akwai tsohuwar gaba tsakanin daular Usmaniyya da Azna, gaskiya ne kuma wasu masu sarauta sun yi wa Turawa jagora. Amma wanda ya kalli fim ɗin kaɗai zai ɗauka ba wani mai salla da ya tsaya, alhali Ƙonni da aka yi wa kisan gilla garin Musulmi ne, Kuran Daga ya fita Tirmini, Sarkin Musulmi Attahiru kuma ya yi shahada a Burmi a 1903 yana yaƙar Ingilishi. A nan siyasar Mamani ta ɗan rinjayi alƙalaminsa.

A bikin fina-finan Afirka na FESPACO da aka yi a Wagadugu a farkon 1987, Sarraounia ne ya ɗauki babbar kyauta, wadda ake kira Dokin Yennenga, ita ma sunan wata jaruma ce ta ƙasar Mosi. A Faransa kuwa bai daɗe a gidajen sinima ba, abin da Med Hondo ya yi ta kokawa a kai yana cewa da gangan aka danne shi. A watan Oktoban wannan shekara aka kashe Sankara, a watan Nuwamba Kunce ya rasu a wani asibiti a Paris. Med Hondo ya rayu har 2019.

Shi kuwa Mamani ya ci gaba da zamansa a Zinder yana rubutu. Allah Ya ja kwanansa ya ga an dawo da siyasar jam'iyyu, ya ga taron ƙasa na 1991, ya kuma ga ɗan Damagaram, Mahamman Usman, ya ci zaɓen shugaban ƙasa a watan Maris 1993. A wannan shekarar aka ba shi kyautar adabi ta ƙasa mai ɗauke da sunan Bubu Hama. Wanda ya san siyasar Nijar zai jinjina wannan, domin Bubu Hama, ban da kasancewarsa babban marubuci, shi ne shugaban majalisar dokoki kuma jigon RDA a shekarun da aka farauci 'yan Sawaba. Mamani bai ƙi ba, ya kama hanyar Yamai don ya karɓa.

Hanyar kusan kilomita 900 ce, kuma duk direban da ya saba bin ta ya san garuruwanta: Tirmini, Takeita, Maijirgi, Tasawa, a wuce Maraɗi a kai Ƙonni, sannan Dogondutsi da Doso. Ita ce dai hanyar da rundunar Voulet ta biyo a 1899, sai dai su gabas suka nufa, shi kuma yamma. A kan wannan hanya ya yi hatsarin mota ranar 3 ga Yuni 1993, ya riga mu gidan gaskiya yana da shekara 61, bai kai ga karɓar kyautar ba. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa. Jagoransa Jibo Bakari ya biyo shi a 1998, kuma a watan Oktoba 2024 hukumomin Nijar suka cire sunan De Gaulle daga wani babban titi a Yamai suka sa na Jibo.